Daga Ƙahon Wanzami zuwa Lambar Agana

Ilimin magani ya yi babbar juyawa a cikin shekaru ɗari uku da 'yan kai, daga wajen 1500 zuwa tsakiyar ƙarni na 19. A farkon wannan zamani, likitan Alƙahira da likitan Faris da malamin da ya karanta ɗibbu a Tambutu duk da ido ɗaya suke kallon jikin ɗan Adam, idon da suka gada daga littattafan da suka haura shekara dubu. Kafin zamanin ya ƙare, an tsaga gawa an zana abin da ke cikinta, an gane cewa jini zagayawa yake yi, an kuma samo hanyar kare mutum daga agana. Yawanci a Turai ake fara wannan labari, a can kuma ake ƙare shi, sai ka ce sauran duniya barci take yi. Ƙasar Hausa ma ta ga nata sauyin a daidai wannan lokaci, kuma sawunsa bai goge ba. A birnin Bauchi, daga masallacin Juma'a na Gwallaga zuwa asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai neman lafiya zai iya cin karo da wanzami rataye da zabira, da shagon magungunan Musulunci mai zuma da habbatussauda, da kemis mai sayar da ƙwayoyin bature. Kowanne a cikin ukun yana da tarihinsa, kuma a waɗancan ƙarnuka ne hanyoyinsu suka gamu.

Tushen da kowa ya ɗora a kai shi ne koyarwar Jalinus, likitan Girka da aka haifa a shekarar 129 a garin Pergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. A wajensa jiki yana tafiya ne bisa ruwaye huɗu: jini mai zafi da danshi, majina mai sanyi da danshi, safra'u mai zafi da bushewa, da sauda'u mai sanyi da bushewa. Idan huɗun suka daidaita, lafiya ke nan. Idan ɗaya ya rinjayi sauran, sai cuta. Aikin mai magani shi ne ya gano wanda ya yi yawa, ya rage shi ta hanyar fitar da jini ko sa amai ko wankin ciki, ko kuma ya ba da kishiyarsa, wato abu mai zafi ga ciwon sanyi, mai sanyi ga ciwon zafi. Hunainu ɗan Ishaƙ da almajiransa suka mayar da littattafan Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tsara ilimin cikin Alƙanun fiɗ Ɗibbi, aka fassara shi zuwa Latin a birnin Toledo na Sifen a ƙarni na 12, har wajen 1650 wasu jami'o'in Turai suna karantar da shi.

A ƙasar Hausa kuwa, kafin littattafan nan su yawaita, magani a hannun masu sana'a yake, kowace sana'a da nata fagen. Ƙuna ta maƙera ce, tunda su ke ma'amala da wuta. Wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya sai Sarkawa. Maharba sun san dafi da makarinsa, da saiwoyin da ba a samu sai an nutsa daji. Maɗori yana ja ya daidaita ƙashin da ya karye, ya jera karare ya ɗaure. Haihuwa ta ungozoma ce. Boka da 'yar mai ganye suna haɗa sassaƙen maɗaci da ganyen sabara da bagaruwa, 'yan bori kuma suna kula da ciwon da aka jingina wa iskoki. Wannan ilimi a ka yake, gado ne daga uba zuwa ɗa, kuma asiri ne. Da yawa daga cikinsa sakamakon gwaji ne na shekaru aru-aru, amma da yake ba a rubuta shi, idan tsoho ya mutu bai faɗa ba, ya tafi da abinsa, idan kuma ya yi kuskure babu wanda zai duba ya gyara.

Wanzami shi ne mai aikin fiɗa na wancan zamani. Bayan aski da kaciya da cire beli, babban aikinsa ƙaho. Yakan jiƙa wurin da ruwa, ya kafa ƙahon a doron mutum ko ƙeya, ya sa baki a tsinin da aka huda ya zuƙe iskar, ya toshe ƙofar. Idan fatar ta tasa sai ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Bayan ɗan lokaci ya ɓalle shi, ya zubar da guda-gudan jini baƙi a ƙasa, mai ciwo ya duba ya ce ai ga mataccen jinin da ke damunsa ya fita. A wannan lokaci, wanzaman Landan da Faris ma aski da fitar da jini da cire haƙori suke haɗawa a shago ɗaya.

Sauyi na farko a ƙasar Hausa shigowar littafi ne. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Fulani kuma suka ƙaro littattafai zamanin Yakubu a tsakiyar ƙarni na 15. Shehu Magili ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Jalaluddin Suyuɗi na Masar kuma ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Ta hanyar fatake da alhazai, rubuce-rubucen Ɗibbun Nabawi suka shigo, da ƙaramin littafin nan Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma da ake jingina wa Suyuɗi, wanda har gobe ana sayar da shi a bakin masallatai. Da wannan aka samu sabon mai magani, wato malami, wanda hujjarsa tana cikin takarda. Ya zo da zuma da habbatussauda, da tofi da rubutun sha da laya. Ƙaho ma ya samu sabuwar daraja, domin hadisi ya ambace shi.

Malaman ƙasar ba karɓa kawai suke yi ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya tashi daga Katsina ya yi aikin hajji, ya zauna Alƙahira yana koyarwa da rubutu a kan lissafi da taurari da hatimai, ya rasu a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Mai karatu na yau zai iya tambayar me ya haɗa taurari da magani. A wancan zamani haɗe suke a ko'ina, domin likitocin Turai ma sukan duba matsayin wata kafin su tsaga jijiya.

Ruwaye huɗun Jalinus ba su zauna daram a bakin talaka ba. Abin da ya kama ƙasa shi ne zafi da sanyi, wanda ya dace da yadda mutane suka riga suka fahimci jikinsu. Har yau akan ce sanyi ya kama wane a gaɓoɓi, ko zafi ya taru masa a ciki. Wankan jego ma a kan wannan tunani ya tsaya: ana ganin haihuwa tana barin mace a buɗe ga sanyi, sai a riƙa yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganye, tana shan kunun kanwa, har kwana arba'in ko fiye. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka alaƙanta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a yankin da wannan zafi da kuma gishirin da ke cikin kanwa. Ra'ayin magani yakan daɗe a cikin gida bayan littafi ya yi watsi da shi.

Zamanin ya kawo sababbin tsirrai daga nahiyar Amurka, wasu alheri, wasu akasinsa. Taba ta shigo da sunan magani. Wani likitan Sifen, Nicolas Monardes, ya rubuta a 1571 cewa tana warkar da cututtuka barkatai, kuma kafin a jima ta ƙetare Sahara, har malamai suka yi ta jayayya a kanta, Ahmad Baba na Tambutu yana cikin waɗanda suka halatta. Ɓawon itacen sinkona daga ƙasar Peru kuwa, wanda ya isa Turai a shekarun 1630, maganin masassara ne na gaske, ko da yake ba wanda ya san dalilin aikinsa.

A Turai abin da ya faru daban ne: an fara tuhumar littafin kansa. A 1527 wani likita mai zafin kai, Paracelsus, ya jefa littafin Ibn Sina cikin wuta a bainar jama'a a birnin Basel, yana cewa a koyi magani daga majiyyaci da ma'adinai. Shi ma yana da nasa camfe-camfen, kuma sinadarai irin su zaiba da ya yayata sun cutar da mutane da yawa. Wanda ya yi aikin a natse shi ne Andreas Vesalius, malami a jami'ar Padua ta Italiya. Al'adar da ya tarar ita ce malami ya zauna bisa kujera yana karanta Jalinus, wanzami yana ƙasa yana tsaga gawa, idan gawar ta saɓa wa littafi a ce gawar ce ke da matsala. Vesalius ya sauko ya karɓi wuƙar da hannunsa. Ya gano cewa Jalinus birai da aladu ya fiɗe, ya ɗora siffarsu a kan mutum. Muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne, Jalinus ya ce biyu. Ƙashin ƙirji gaɓa uku ne, shi ya ce bakwai. A 1543 Vesalius ya buga littafinsa a kan ginin jikin ɗan Adam, cike da zane.

Nan wurin akwai abin lura game da na'urar ɗab'i, wadda ta fara aiki a Jamus wajen 1450. Mai kwafar littafi da hannu zai iya kiyaye kalma, amma zanen jijiya ko na ganye yakan lalace daga kwafi zuwa kwafi, har ya zama ba a gane shi. Ɗab'i ya sa ɗalibi a Holand da ɗalibi a Italiya suna kallon zane iri ɗaya, kowa yana iya gwada shi da gawar da ke gabansa ya ce nan an yi daidai, nan an kuskure. A Kano da Katsina da Gazargamu ta Barno da alƙalami ake kwafa, a kan takarda mai tsada da ake kawowa daga Italiya ta Tarabulus da Masar, mai tambarin jinjirin wata uku. Wannan bambanci na kayan aiki ya yi tasirin da ba a cika ambata ba.

Filin yaƙi ma ya zama makaranta. Likitocin lokacin sun ɗauka raunin bindiga dafi ne, don haka tafasasshen mai suke zubawa a ciki. A 1537, a wani yaƙi a arewacin Italiya, man ya ƙare wa wani matashin wanzamin sojan Faransa, Ambroise Paré. Dole ta sa ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man fure da man itace ya shafa wa sauran, ya kwana cikin fargaba. Da gari ya waye, waɗanda aka ƙona suna fama da zazzaɓi da kumburi, waɗanda aka shafa wa haɗin sun yi barci. Bai sake ƙona raunin bindiga ba.

Sai William Harvey na Ingila a 1628. Jalinus ya koyar cewa hanta ce ke ƙera jini daga abinci, gaɓoɓi su shanye shi. Harvey ya auna abin da zuciya ke iya ɗauka, ya ninka da yawan bugunta, ya ga a cikin rabin sa'a tana tura jinin da ya fi duk wanda ke jikin mutum. Babu hantar da za ta ƙera wannan, babu abincin da zai isa. Ashe jinin ɗaya ne yake fita ya dawo. Wani yanki na wannan gaskiya, wato bin jini ta huhu, Ibn Nafis ya riga ya bayyana shi a Alƙahira tun ƙarni na 13, amma maganarsa ba ta samu masu ɗorawa a kai ba. A 1661 Marcello Malpighi ya hango siraran hanyoyin da ke haɗa jijiyoyi ta madubin ƙara girma, a shekarun 1670 kuma wani mai sayar da yadi a Holand, Antonie van Leeuwenhoek, ya ga ƙananan halittu suna iyo cikin ɗigon ruwa. Kusan shekara 200 aka ƙara kafin a tabbatar irinsu ne ke jawo cuta. Ilimin ya kuma komo gabas: Salihu ɗan Nasrullahi Ibn Sallum, mutumin Halab kuma babban likitan sarkin Usmaniyya, ya rubuta da Larabci a kan maganin sinadarai na Paracelsus a ƙarni na 17.

Sai dai duk wannan sani bai kai ga gadon majiyyaci da wuri ba. Likitan da ya yarda da Harvey da safe, da yamma jini yake fitarwa yadda Jalinus ya ce. A Disambar 1799 George Washington, shugaban Amurka na farko, ya kamu da ciwon maƙogwaro, likitocinsa suka ɗebe masa fiye da lita biyu na jini a yini guda, ya mutu a daren. Idan aka auna da adalci, mai karaya a Kano a 1750 da ya je wurin ƙwararren maɗori bai fi takwaransa na Landan shiga haɗari ba.

Inda aka fara cin nasara ta zahiri shi ne agana, kuma dabarar ba daga jami'a ta fito ba. Agana tana kashe wajen uku cikin goma na waɗanda mummunan nau'inta ya kama, ta bar saura da zanzana, wasu da makanta. Arrazi ya bambanta ta da ƙyanda tun ƙarni na 10, amma bai da maganinta. Abin da mutane a Afirka ta Yamma da Turkiyya da Indiya da Sin suka lura da shi shi ne ba ta kama mutum sau biyu. Sai suka riƙa ɗebo ɗan ruwan ƙurjin wanda tasa ta zo da sauƙi, a yi wa mai lafiya 'yar tsaga a hannu a shafa. Yakan yi ciwon sama-sama, ya warke, ya tsira har abada. Akwai kasada, domin wani yakan mutu, kuma wanda aka yi wa zai iya harbin wasu. Baturen nan Dixon Denham, da ya zauna Kukawa ta Barno a 1823, ya tarar ana yin haka da tsinin wuƙa.

A 1706 aka ba wani limamin kirista na birnin Boston, Cotton Mather, wani bawa ɗan Afirka, ya raɗa masa suna Onesimus. Da ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana, sai bawan ya nuna masa tabo a hannu, ya bayyana yadda ake yi a ƙasarsu. A 1721 annoba ta faɗa wa Boston. Likita ɗaya ne, Zabdiel Boylston, ya yarda ya gwada, ya fara da ɗansa na cikinsa. Gari ya ɗauki zafi, ana cewa yaya za a bi maganar bayi, har aka jefa bam ta tagar gidan Mather. Abin da ya raba gardama ƙidaya ce. Mutum 5,889 suka kamu ta hanyar da aka saba, 844 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin bakwai. Cikin mutum 240 da 'yan kai da Boylston ya yi wa tsaga, shida suka mutu, kusan ɗaya cikin arba'in. A wannan shekarar ce kuma Mary Montagu, matar tsohon jakadan Ingila a Santambul, ta sa aka yi wa 'yarta irin wannan a Landan, yadda ta ga tsofaffin mata suna yi a Turkiyya.

Wannan ƙidaya ita ce sabon abu na gaske. Mai magani na da, ko a Bauchi ko a Faris, yakan tuna waɗanda suka warke a hannunsa, waɗanda suka mutu kuma a ce kwana ya ƙare. Ajiye rukuni biyu gefe da gefe a ƙirga gawawwakin kowanne shi ne ya ba da damar gane maganin da ke aiki da wanda suna kawai ya tara. A 1747 James Lind, likitan jirgin ruwan yaƙin Ingila, ya ɗauki matuƙa 12 masu ciwon nan da ke kumbura dasashi ya zubar da haƙora, ya raba su biyu-biyu, kowane rukuni da maganinsa. Waɗanda aka ba lemo ne suka miƙe. Duk da haka sai a 1795 rundunar ta wajabta ruwan lemon tsami. A 1796 Edward Jenner ya gwada abin da masu tatsar nono suka daɗe suna faɗa, cewa wanda aganar shanu ta kama ya tsira daga ta mutane. Ya sa wa wani yaro ɗan shekara takwas ruwan ƙurjin shanu, daga baya ya gwada shi da agana ba ta kama shi ba. Wannan ne asalin lambar da dattawan Bauchi da yawa ke ɗauke da tabonta a dantse. An ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da ƙarewar cutar a 1980.

A daidai shekarun da Jenner ke gwajinsa, ƙasar Hausa tana shiga sauyinta na biyu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Ihya'us Sunna, ya ware babi a kan neman magani da tofi, yana rarrabe abin da shari'a ta yarda da shi da abin da ya kira bidi'a. Bori da tsafi suka shiga matsi bayan jihadin 1804, ko da yake ba su mutu ba, sun dai koma bayan gida da ƙauyuka. Ƙanin Shehu, Abdullahi na Gwandu, ya rubuta Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da kiwon jiki. Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.

Wanda ya fi zurfafawa shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Yana da littattafai na gaba ɗaya irin su Ujalatur Rakib da Almawaridun Nabawiyya, amma abin da ya fi jan hankali shi ne ƙananan risalolinsa, kowace a kan matsala ɗaya: Masugul Lujaini a kan ciwon ido, Alƙaulul Mansur a kan basir, Tanbihul Ikhwan a kan tsutsar ciki, wata a kan ciwon ƙoda, wata kuma a kan wankin ciki da filasko. Duk cututtuka ne da ke damun jama'arsa a zahiri. Ciwon ido kaɗai ya isa misali, domin matafiyin nan Hugh Clapperton ya tarar da unguwa guda ta makafi a cikin ganuwar Kano a 1824. Bello bai fita daga da'irar zafi da sanyi ba, daga littattafan Larabawa yake tsamowa, kuma bai tsaga gawa ba. Sabon abin da ya kawo shi ne fitar da magani daga asiri zuwa takardar da kowane mai karatu zai iya ɗauka, da mayar da lafiyar talakawa cikin nauyin mai mulki. A Usulus Siyasa, wadda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa masu magani cikin masu sana'ar da ya wajaba sarki ya tanadar wa kowane gari, tare da manoma da maƙera da marina.

Bauchi tana cikin wannan zagaye tun kafuwarta. Malam Yakubu, almajirin Shehu, ya kafa birnin a 1809, kuma Bello ya rubuta masa risaloli na nasiha da amsoshin tambayoyi a kan mulki. Hanyar da ta ɗauki waɗannan wasiƙu ita ce malamai da almajirai suke bi da gafakarsu. Matsalar da mai karanta littafin ɗibbu yake fuskanta a wuri irin Bauchi ita ce sunayen tsirrai: littafi yana maganar ganyen Hijaz ko na Sham, shi kuwa abin da ke gindin dutsen garinsu daban ne. Shi ya sa a tsofaffin kwafe-kwafe akan ga an rubuta sunan Hausa ko na Fulatanci da ajami a gefen shafi. A wannan gefen shafi ne sanin boka da maharbi ya fara shiga rubutu.

Magungunan biyu sun yi ido huɗu a 1824. Clapperton ya taso daga Kukawa zuwa Kano tare da Walter Oudney, likitan da ya yi karatu a Edinbara, mutane suna tare su a hanya suna neman magani. Shi kansa likitan, ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, kuma Clapperton ya rubuta cewa a wannan tafiya an kira wani ɗan ƙasa ya yi masa ƙaho a ƙirji, da aska da hudajjen ƙaho, har ya yaba gwanintar aikin. Babu abin mamaki a ciki, domin abin da aka koya wa Oudney a jami'a bai saɓa wa na wanzamin ba. Ya rasu ranar 12 ga Janairu 1824 a Murmur kusa da Katagum, cikin jihar Bauchi ta yau. Clapperton ya ƙarasa Sakkwato, inda Bello ya nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da jakada da likita. A tafiya ta biyu a 1825 an haɗo shi da likitoci biyu, babu wanda ya iso: ɗaya zazzaɓi ya kashe shi 'yan makonni da barin Badagiri, ɗayan ya bi ta Dahome ba a sake ganinsa ba. Clapperton kansa a Sakkwato ya rasu a Afrilun 1827.

Tazara tsakanin magungunan biyu ta buɗe ne bayan wannan. Tun a 1820 masana biyu a Faransa suka tace kwinin daga ɓawon sinkona, aka samu maganin da za a iya aunawa. A tafiyar da Ingila ta shirya a kogin Kwara a 1841, kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan suka mutu, yawancinsu da zazzaɓi. A 1854 likita William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin Pleiad, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya fito babu wanda ya mutu. Maganin da ya ceci matuƙa shi ne kuma ya sauƙaƙa wa 'yan mulkin mallaka shiga cikin ƙasa. A Faris, Pierre Louis ya ƙirga masu ciwon huhu a shekarun 1830, ya nuna fitar da jini ba ya amfaninsu yadda ake zato. Louis Pasteur da Robert Koch suka tabbatar da aikin ƙwayoyin cuta, Koch ya gano ta tarin fuka a 1882, Ronald Ross ya kama ta zazzaɓi a cikin sauro a 1897. Lokacin da sojojin Ingila suka shiga Bauchi a 1902, likitocin da ke tare da su sun riga sun bar ruwaye huɗun Jalinus, da kwinin da lamba da madubin duba jini suka zo.